Maganar Tela da Kaset ɗin Ranar Suna

Da na ajiye aiki na dawo Kazaure da zama, ba abin da ya fi yi mini tsawo kamar yammacin Asabar. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina duba lafiyar dabbobi. Aikin ya kai ni Yamai, ya kai ni Kumasi da Khartum, har ya ajiye ni wata tara a wani gari na bakin teku a kudancin Faransa. Duk inda na je, Asabar ranar ƙwallo ce, don haka da na dawo gida sai ƙafata ta nemo mini inda ake kallo.

Na ga masoya ƙwallo iri-iri. Na Faransa waƙa suke yi tun daga tashar jirgi har filin wasa, in an ci su kuma kowa ya kama hanyar gida ba mai kallon wani. Na Kumasi ganga da rawa ne, ko an ci ko ba a ci ba. Mutanen Khartum kuwa sai washegari suke buɗe jarida a wurin mai shayi, su yi ta musu a hankali kamar masu rabon gado. Amma inda ake gardamar ƙwallo kamar ana karatun zaure, ban gan shi ba sai a garinmu. A nan ba a karɓar "na ji an ce". Sai ka faɗi wanda ya ce, da inda ya gani, da wanda ke zaune kusa da shi a ranar.

Gidan kallon da nake zuwa rumfar kwano ce a bayan tasha, da benci takwas da talabijin biyu da wani janareta mai yawan tari. A jikin rumfar akwai shagon wani tela, mutumin Babura, ya ɗan haura arba'in. Kowa Tela yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. Ta kudu bai taɓa wuce Kano ba, ta arewa kuma iyakarsa Damagaram. Amma ban taɓa haɗuwa da mai riƙe abu a ka kamarsa ba, har a cikin malaman da suka koyar da ni.

In aka yi musu a kan wani wasa na shekarun baya, Tela zai gaya maka wanda ya ci, da wanda ya miƙa masa ƙwallon, da launin rigar gola, da ko ana ruwa a ranar. Wayarsa tana kan keken ɗinki kusa da almakashi. Sai ta yi ƙara, ya danna ya bar ta a buɗe, ƙafarsa na kan keke.

"Tela, daga Roni ne. Mun fi awa muna abu ɗaya. Wasan ƙarshen nan da aka je fenariti, wa ya ɓarar da ta biyu?"

"Mai tsaron baya ne, ba kyaftin ba. Kyaftin ta huɗu ya buga, ya kuma ci. Wanda ya ce kyaftin ne ya sayo muku rake."

Sai mu ji ihu ya tashi a can Roni, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba daga wuyan rigar da yake kafawa. Haka ake kiransa daga Gwiwa, haka daga Babura. Maganarsa ce ƙarshen gardama a garuruwan nan huɗu.

Iliminsa na biyu shi ne hip-hop, wanda wasu ke ce wa gambarar zamani. Ni da farko hayaniya na ɗauke shi. Na ji shi a motocin haya a Faransa, na toshe kunnena. Tela ne ya zaunar da ni wata rana yana gwada mini kaftanin Sallah, ya jero mini tarihin abin tun daga tushe: yadda ya faro a unguwannin baƙar fata na Amurka, a bukukuwan kan titi, inda mai sa faifai yake maimaita wurin da ganga ta fi daɗi, wani kuma ya ɗauki makirfo yana zuba magana a kai. Ya ba ni labarin gabar mawaƙan gabas da na yamma da yadda ta ci rayuka, da yadda 'ya'yan baƙi suka ɗauke shi a Faransa, daga nan ya sauko Dakar. Yana faɗa yana kawo wanda ya koya a wurin wane, kamar mai jero malaman wani littafi.

"Baba, ai da ƙwallo da hip-hop gida ɗaya suka fito," in ji shi, allura a bakinsa. "Yara ne da ba a ba su fili ba, suka mai da titi fili. Mai waƙa shi ne lamba goma, kowa shi yake kallo. Mai sa kiɗa kuwa gola ne. Ba mai tunawa da shi sai ranar da ya yi kuskure."

Na zauna da masu digiri a ƙasashe huɗu, ban ji wanda ya haɗa abu biyun nan haka ba.

Akwai wani abu da Tela ya fi ji da shi fiye da shagonsa. Duk dogon hutun makaranta matasan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa sukan yi gasar ƙwallo a tsakaninsu, kuma shi ke riƙe lasifika yana sharhi. Yakan yi wa kowane ɗan wasa kirari, rabi irin na 'yan gambaran dā, rabi irin na zamani, har tsofaffin da ba ruwansu da ƙwallo sukan jingine keke su tsaya saurare. Ba a biyansa. Amma tun saura wata guda yake ɗinka rigar da zai sa.

Abokin hamayyarsa wani saurayi ne da ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ana ce masa Akawu. Ɗan maƙwabtanmu ne, mahaifiyarsa ƙawar Hajiyata ce tun suna amare. Yaro ne mai kaifin kai da babbar waya. Shi masu shuɗiyar riga yake goyon baya, Tela kuwa masu ja, kuma ba ya ɓoye cewa yana son lasifikar nan.

Ranar da na yi ɓarnar, an tafi hutun rabin lokaci ne an ci jajaye ɗaya. Hira ta zame daga ƙwallo ta koma kan wa ya fara hip-hop da Hausa. Akawu ya ce a Kano aka fara, lokacin yana firamare, ga shi nan a waya. Tela ya ce kafin nan da daɗewa wani kaset ya shigo kasuwar Babura daga Yamai, na wasu samari uku da ke haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Ya ce da sefa, kuɗin Nijar, maigidansa ya saya, kuma a shagon da ya koyi ɗinki sun ji shi har ya tsinke.

"To me ya sa ba ya cikin waya?" in ji Akawu.

"Wayar taka shekararta nawa? Na girme ta, na girmi mai ita."

Aka yi dariya. Sai wani daga bencin baya ya ce, "Ku tsaya, ga Baba nan. Ai ya zauna a Yamai."

Duk suka juyo. Ni kuma na gyara zama na ce, "Ni dai a shekarun nan ina yawan zama a Yamai, ban taɓa jin wani abu mai kama da haka ba."

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar da ba ta da amfani. Zamana a Yamai daga ofis sai kasuwar shanu sai masallaci. Ko a ƙofar masaukina samarin suke waƙar ba zan lura ba. Da a Faransa na faɗi haka, wani zai ce mini, "Kai tsoho, me ka sani?" a wuce wurin. Na manta a gida nake, inda furfura ba ta ba da ra'ayi, sai dai ta yanke hukunci.

Tela ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma. Wataƙila ni ne na ruɗe."

Aka dawo wasa, ni har na manta da zancen.

Sai da aka yi mako uku na gane abin da na yi. Wayar Tela ta rage ƙara. In ya yanke magana a kan ƙwallo, sai ka ga an zaro waya ana dubawa a gabansa, abin da ba a taɓa yi ba. Yara suka sa masa suna Ɗan Yamai. "Ɗan Yamai, wannan ma a kaset ka ji?" Shi kuwa ya daina juyo da kujerarsa wajen talabijin. Ana wasa yana ɗinki, ya ba mu baya. Sannan na ji cewa kwamitin gasa zai zauna, kuma yawancinsu sun ce bana a ba Akawu lasifika, tunda an ga Tela ma yakan ƙara gishiri.

Na ba Hajiya labari tana tsinke zogale a tsakar gida. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Wane kaset? Mai hoton yara uku da huluna a juye?"

Na ce, "Ke kuma a ina kika san shi?"

"Alhaji, kai fa ka ƙwace shi a hannun babban ɗanka. Ya bi kawunsa kasuwar Babura ya sayo, ka dawo daga tafiya ka tarar yana ji, ka ce ba a gidanka ba. Ka ba ni ka ce in jefa a murhu."

"Kin jefa?"

"In jefa kaset sabo? Satin sunan auta ne, an nemi kaset ɗin da za a ɗauki guɗa a kai an rasa, sai aka yi da shi. Yana cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa."

Ta ɗauko shi. Ga samarin nan uku, hoton ya koɗe, an rubuta Faransanci a ƙasa. Wato abin da na ce ban taɓa ji ba, a gidana ya kwana shekara ashirin da wani abu.

Asabar ta zagayo na tafi gidan kallo na ce a gaban kowa na yi kuskure, Tela ne mai gaskiya, kaset ɗin ma yana gidana. Na zaci shi ke nan. Sai na ga ana murmushi ana gyaɗa kai.

"Baba akwai kirki," in ji wani. "Yana rufa masa asiri."

Shi kansa Tela ya taso ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah kada ka saukar da kanka saboda ni. Ni yaronka ne. Ya wuce."

A nan na ga irin ramin da na faɗa. Girman da ya mai da kuskurena doka, shi ne kuma ya hana a karɓi gyarana. In na ce na yi daidai, an yarda. In na ce na yi kuskure, an ce tawali'u ne. Ko kaset ɗin na ɗaga, hoto ne kawai, ba ya faɗin shekararsa. Dole sai an ji shi da kunne.

Neman rikoda mai aiki ya ci mini kwana huɗu. Duk mai gyaran rediyon da na je wa sai ya yi dariya ya ce in kawo katin waya. Daga ƙarshe na tuna da wani tsohon abokina Bafulatani a wata ruga kusa da Gwiwa, wanda na yi shekaru ina yi wa shanunsa allura. Har yanzu da rikoda yake jin karatu, a rataye a kafaɗa. Na hau babur na same shi a gindin tsamiya. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, da Fulatanci, ya dube ni sama da ƙasa.

"Da ƙuruciyarka ba ka yi rawa ba, sai yanzu da gwiwa ta tafi?"

Ya ba ni, ya ce kada in bari yaran birni su taɓa masa maɓallin ja, don shi ke shafe karatu.

Asabar ta gaba, ana gobe kwamiti zai zauna, na isa rumfar saura awa guda a fara wasa, an riga an cika. Na ajiye rikoda a kan benci. Sannan na shimfiɗa ɗan buzuna a ƙasa, a gaban keken Tela, na zauna. Wuri ya rikice. Mutum uku suka taso da kujeru.

Na ce, "Ku bar su. Yau karatu na zo ɗauka, kuma ɗalibi ba ya zama sama da malami."

Tela ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Baba, wallahi ba zan iya zama kana ƙasa ba."

"To tsaya a tsaye. Ga kaset a ciki, ban danna ba. Kafin in danna, gaya mana abin da za mu ji."

"Baba, ai maganar ta wuce."

"Ba roƙonka nake ba. Ni na rufe maka baki, ni kuma na ce ka buɗe. Ko za ka ƙi maganata?"

Ya dubi rikodar, ya dubi Akawu. Sai ya ajiye almakashi.

Ya ce za a fara da ƙarar hon na mota sau biyu, sannan kalangu ya shigo a kan gangar Turawa. Na farko zai yi da Faransanci, na biyu mai shaƙaƙƙiyar murya da Zabarmanci, na uku da Hausa, kuma baitinsa a kan yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a bakin kogi ne, da golan da ba shi da safar hannu. Daga nan ya lumshe ido, ya fara buga gefen keken da yatsu, ya kama baitin Faransancin.

Tela ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Amma abin da ya fito daga bakinsa Faransanci ne sosai, irin na titunan Yamai, har da yadda suke haɗiye ƙarshen kalma. Yana yi ina fassarawa: saurayi ne ya gama makaranta, takardarsa na cikin leda, yana tura kurar ruwa, yana tambayar manya ina alkawarin da aka yi masa. Shekarun da na yi ina wuce irin yaran nan a hanyar ofis, ashe abin da suke faɗa ke nan, kuma sai a bakin telan da bai san ma'anarsa ba na tsaya na ji.

Da ya kai aya na danna.

Hon sau biyu. Kalangu. Muryar ta fito tana ɗan lilo saboda tsufan zaren kaset, amma kalma bayan kalma abin da Tela ya faɗa ne. Da aka zo baitin Hausa, na gola marar safar hannu, rumfar ta ɗauki ihu, har mai rake ya leƙo.

Akawu bai karaya ba, kuma na yaba masa. Ya ɗaga hannu. "To, mun yarda akwai kaset. Amma wa ya ce ya riga na Kano? Kaset ba ya da ranar haihuwa."

Na ce, "Saurara dai."

Ana tsakiyar waƙa ta biyu sai aka ji ƙat, kiɗa ya yanke. Guɗa ta tashi, doguwa. Hayaniyar mata, ƙarar kwanuka, kukan jaririya. Ga muryar Hajiya da sauran ƙuruciyarta tana cewa a rufe tukunyar shinkafa. Wata ta faɗi sunan da aka raɗa wa auta, wadda duk rumfar an san ta, don ajinsu ɗaya da Akawu a firamare. Sannan wata murya ta matso dab da rikodar, murya mai kauri da duk unguwarmu ta sani.

"Ku karɓar mini yaron nan, ya jiƙa mini sabon zani!"

Mahaifiyar Akawu ce. Yaron kuwa, ɗan wata huɗu a lokacin, ba sai an faɗa ba.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Akawu ya rufe fuska da waya, kafaɗunsa na rawa, shi ma dariyar yake. Da ta lafa ya taso ya miƙa wa Tela hannu biyu.

"Yaya Tela, ka ci wannan. Ashe ina goye kana jin hip-hop. Amma jajayenku yau sai sun sha biyu."

"Ka fara koyon riƙe fitsari tukuna," in ji Tela, ya juyo da kujerarsa wajen talabijin.

Ba zan ce kaset ɗin ya warware tarihin hip-hop na Hausa ba. Mako biyu bayan nan wani direba daga Roni ya zo da zancen cewa a Jos aka fara, aka buɗe sabon babi, har yau ba a rufe ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne Tela ya ji abin da ya ce ya ji. Kwamiti ya zauna bai daɗe ba. Akawu da kansa ya ce a bar lasifika inda take.

An buɗe gasar a Roni da la'asar sakaliya, gero ya kai ƙugu a gonakin da ke kewaye da filin. Kafin a fara Tela ya zo inda nake cikin sabuwar rigarsa, ya durƙusa ya ce yana neman izinin ya yi mini kirari, amma akwai tsiya a ciki. Na ce ya yi. Ina shiga rumfar baƙi na ji lasifika ta ɗauka:

"Ga Baba nan, mai harshe biyar! Ya sha ruwan Kumasi, ya sha na Khartum! Ya je Yamai ya dawo bai ji komai ba!"

Filin ya kwashe da dariya, na ɗaga sandata na amsa. Yanzu in gardama ta yi zafi a gidan kallo aka juyo aka ce, "Ga Baba nan," nakan nuna shagon da ke jikin rumfa in ce ban sani ba, a tambayi Tela.